Wa ya kwashe taurarin Tahoua? Tambayoyi da amsoshi kan hasken dare da tallan sararin samaniya

A watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar, mun yi darare da dama cikin duhu. Wani dare bayan an ɗauke ruwa, muna kwance kan tabarma a tsakar gida, ɗiyata mai shekara tara ta nuna sama ta ce, "Baba, wa ya sa wa daji wuta har hayaƙi ya kai can?" Ba hayaƙi ba ne. Farin zanen nan ne da ya ratsa sama daga kudu zuwa arewa, wanda nake kira kogin taurari idan ina koyarwa. A Tahoua aka haife ta, amma ba ta taɓa ganinsa ba, domin fitilar ƙofar gidanmu da ta maƙwabcinmu ba sa barin idonta ya huta. Ni malamin kimiyya ne, na ji kunya ranar. Tun daga nan nake tara tambayoyin da ɗalibai da abokan fada suke yi mini a kan wannan batu.

Wai haske ma yana gurɓata wuri?

Yana yi, idan ya je inda ba a aike shi ba. An kafa fitila don ta haska hanya, sai rabin haskenta ya tafi sama, ko ya faɗa ɗakin maƙwabci, ko ya soki idon ɗan kabu-kabu. Wanda ya tafi sama yana cin karo da ƙura da danshin iska, ya watsu, ya dawo ƙasa kamar rumfa mai launin toka. Idan kana dawowa daga Ƙonni da dare, tun kafin ka ga gidan farko na Tahoua za ka hangi wannan rumfar a kan garin. A Yamai ta fi haka girma nesa ba kusa ba. Taurari suna nan inda suke, rumfar ce ta fi su haske, kamar yadda ƙarar injin niƙa ke danne muryar mai magana.

Malam, mu da muke kukan rashin wuta, ina mu ina wannan magana?

Ita ce tambayar da aka fi yi mini, wani lokaci da dariya, wani lokaci da fushi, kuma tana da hujja. Kusan mutum ɗaya ne cikin biyar yake da lantarki a Nijar, a karkara kuwa abin ya fi haka muni. Matar da take naƙuda a asibitin ƙauye ana riƙa wa ungozoma tocilar waya ba ta da matsalar yawan haske. Ɗalibin da yake bitar karatu ƙarƙashin fitilar titi don babu wuta a gidansu, in ka ce masa a kashe fitila saboda taurari, ka ci zalinsa. Ba ni cikin masu cewa a bar mutane a duhu.

Abin da nake cewa daban ne. Yanzu ne muke kafa fitilunmu. Tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 ta fara aiki a 2018, ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30 ta biyo baya a 2023, kuma duk kasuwar da ka shiga za ka tarar da fitilun sola tuli, ƴan ci-rani ma suna aiko su gida daga Abijan da Libiya. Ƙasashen Turai sun kafa nasu ba tsari shekaru da dama da suka wuce, yau suna kashe maƙudan kuɗi suna cirewa suna sakewa. Mu ba mu kai ga yin kuskuren ba tukuna. Tun ran gini ran zane. Fitilar da aka kifa kanta ƙasa da wadda aka ɗaga kanta sama kuɗinsu ɗaya, wutar da suke sha ɗaya, amma ta farko ta fi haska hanya. Wanda wutarsa ba ta da yawa shi ya fi cancanta ya hana ta zuba a sama, inda ba mai karatu, ba mai tafiya.

Yaya abin yake a sauran duniya?

A 2016 wani masani ɗan Italiya, Fabio Falchi, da abokan aikinsa sun fitar da taswirar hasken dare ta duniya. Sun gano cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen duniya suna zaune ƙarƙashin sama da hasken lantarki ya dusashe, kuma kashi ɗaya cikin uku ba sa iya ganin kogin taurari daga inda suke. A Turai kashi 60 ne, a Amurka ta Arewa kusan 80. Singafo ta fi kowa lalacewa. Ƙasashen da samansu ya fi tsabta kuwa su ne Chadi, Afirka ta Tsakiya da Madagaska, kuma kowa ya san ba don tsari ba ne, don talauci ne. Mu ma layinmu ke nan.

Wani binciken na 2023, wanda Christopher Kyba ya jagoranta, ya tattara rahotanni sama da 50,000 na mutanen da suka ƙirga taurari da idonsu tsakanin 2011 da 2022. Ya nuna hasken saman dare yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 kowace shekara. Ma'ana, yaron da aka haifa a inda ake ganin taurari 250, ranar da zai cika shekara 18 ɗari kawai za su rage masa.

Ba an ce dare rigar mugu ba? In an rage haske ai ɓarayi aka yi wa gata.

An ce, an kuma ce dare mahutar bawa. Haske yana taimakon tsaro idan yana inda ya dace. Amma gwada wannan: ka tsaya a bakin titi gaban gidan da aka ɗora wa babbar firojekta tana kallon waje. Ka dubi gindin katangar. Ba za ka ga komai ba, don hasken ya cika maka ido, ƙwayar idonka ta tsuke, duk abin da ke bayan fitilar ya koma baƙi ƙirin. Mutum zai iya tsugunawa a can ba ka sani ba. Mai gadi ma haka yake fama. Ƙaramin ampul mai hula a kansa, wanda yake zuba haske a ƙofa da ƙasa, ya fi nuna maka fuskar mai zuwa.

Binciken masana bai tsaya waje ɗaya ba. Na 2015 a Ingila da Wales, wanda ya duba ƙananan hukumomi 62 da suka rage ko suka kashe fitilun titi da tsakar dare, bai ga ƙaruwar laifi ko haɗarin mota ba. Wani gwaji a birnin New York kuma ya ga raguwar laifi bayan an ƙara fitilu a wasu unguwanni. Abin da na fahimta, tasha da kasuwa da mararraba da ƙofar asibiti suna son haske. Saman bishiyar bedi ba ya so.

Me ya sa ake cewa farin ampul ya fi illa?

Farin LED mai kama da hasken walda yana ɗauke da shuɗin haske mai yawa, shuɗi kuwa ya fi sauran launuka watsuwa a iska. Shi ya sa ma sama take shuɗiya da rana. Duba kwalin ampul ɗin da ka saya, akwai lamba da harafin K a bayanta. In ka ga 6500K, fari ne fat mai shuɗi. In ka ga 2700K ko 3000K, mai ruwan ƙwai ne, irin hasken fitilar aci-bal-bal amma mai ƙarfi. Na biyun ya fi sauƙi ga ido da ga sama. Matsalar ita ce ƴan kasuwarmu na farkon suke kawowa, don shi ake tambaya. Na taɓa zagaya shaguna huɗu kafin na sami mai ruwan ƙwai, mai shagon yana ta ba ni haƙuri wai ragowar tsohon kaya ne.

Mu kuma muna da ƙarin abu: hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar da iska ke kwasowa daga hamada tana kama duk hasken da ya tashi sama ta shimfiɗa shi a kan gari.

Yana taɓa lafiya?

Jiki yana fitar da wani sinadari mai suna melatonin idan duhu ya yi, shi ke gaya masa lokacin barci ya zo. Haske da dare, musamman shuɗi, yana jinkirta fitarsa. A garin da zafin Afrilu da Mayu ke kora kowa tsakar gida ya kwana, fitilar maƙwabci da ta leƙo ta kan katanga ba ƙaramin abu ba ce. Wayar da ake latsawa cikin gidan sauro har ƙarfe biyu ita ma tana nata.

Dabbobi fa?

Je ka tsaya ƙarƙashin fitilar mai shayi da damina. Shinge na zuba, fara na faɗuwa, tsaka ta hau bango tana ta lashe-lashe, kwaɗi sun yi layi a ƙasa, ga hangara da in ta fashe a wuyanka sai ka kwana da ƙuna. Da safe ka share mudu guda na matattun ƙwari. Cikinsu akwai masu ɓarna, akwai kuma masu kai ƙurar fure daga wannan shuka zuwa waccan da dare. Ƙananan tsuntsayen da ke tsallako Sahara daga Turai yawancinsu da dare suke tafiya, suna bin taurari, hasken birane yana ɓatar da su. Har buzuzu: a 2013 masana a Afirka ta Kudu sun nuna cewa yana amfani da hasken kogin taurari don ya gangara da dunƙulen kashinsa a miƙe. Da suka sa masa ƴar hular da ta rufe masa sama, sai ya kama kewaye-kewaye. Ɗalibaina sun fi riƙe wannan labarin fiye da duk abin da na koya musu a shekarar.

To in taurari sun ɓace, me muka rasa? Ai ba a cin su.

Kakata ba ta taɓa riƙe agogo ba. Gamzaki ne ke tada ta daka. Ta san Zara matar wata, ta san Kaza da ƴaƴanta, kuma tana haɗa fitowarsu da ɓacewarsu da lissafin damina. Buzayen Abalak da Cintabaraden suna kiran Kazar nan Shat Ahad, wato ƴan matan dare, suna da Talamt, taguwar da ke kewaya tauraron arewa, suna da Amanar, ja-gaba. Da irin wannan sanin ne madugai suke ratsa Tenere da ayarin gishiri zuwa Fashi da Bilma, inda ba dutse ba bishiya. Alƙur'ani ma ya ambaci shiryuwa da taurari a Suratun Nahli, aya ta 16, da Suratul An'am, aya ta 97.

Sunan abu ba ya zama a bakin yaron da bai taɓa ganin abin ba. Na tambayi aji mai ɗalibai fiye da sittin wa zai iya nuna mini Kaza da ƴaƴanta, hannu biyar aka ɗaga, duka biyar ɗin daga ƙauye suka zo karatu. Gaɗar farin wata a dandali ma haka take tafiya, in kullum dare fari ne, farin wata ya daina zama sha-kallo.

Akwai kuma alfijir. Farin da ke fara ketowa a gabas yana da rauni ƙwarai, a cikin gari mai fitilu ba ya ganuwa sai ya yi nisa. Yau ladan da jadawali yake aiki, ba laifi, amma jadawalin daga idon waɗanda suka ga alfijir aka samo shi.

Zai hana ganin watan azumi?

Ba sosai ba. Jinjirin wata ana nemansa ne jim kaɗan bayan faɗuwar rana, lokacin da yamma take da sauran haske, don haka hazo da gajimare sun fi fitila ɓata shi. Sai dai kada mai duba ya tsaya fitila na gabansa.

Mun ga jerin fitilu suna tafiya a sama kamar ayarin raƙuma. Mene ne?

Taurarin ɗan'adam ne na Starlink, mallakar kamfanin SpaceX na Elon Musk. Ana harba su da yawa a roka ɗaya, kwanakin farko suna tafiya a jere kafin kowane ya hau matsayinsa, wajen kilomita 550 daga ƙasa. Ba fitila gare su ba, hasken rana ne ke dukansu, shi ya sa ake ganinsu bayan magariba ko gab da asuba. An harba 60 na farko a Mayun 2019, a 2025 sun haura 7,000, kamfanin kuma ya nemi izinin kai su har 42,000. Amazon na da shirin sama da 3,000, China na da nata na dubbai. Ka gwada da wannan: taurarin Allah da ido ke gani lokaci ɗaya a dare mafi duhu ba su wuce dubu biyu zuwa uku ba.

Masu nazarin taurari suna kuka, don kowane ɗaya da ya gifta yana ja musu farin layi a hoto, musamman babbar na'urar hange ta Vera Rubin da ke Chile. SpaceX ta gwada shafa wa ɗaya baƙin fenti a 2020, ta kuma gwada sa musu inuwa, abin ya ragu amma bai ƙare ba. Wani kamfanin, AST SpaceMobile, ya harba BlueWalker 3 a 2022 mai faɗin murabba'in mita 64, ya zama cikin abubuwa mafi haske a saman dare.

Ni nan zuciyata biyu ce. Starlink ta fara aiki a hukumance a Nijar a 2025, kuma na san abin da intanet ke yi wa ƙauyen da ba ya da eriya. Wannan aƙalla ciniki ne, an ba da wani abu an karɓi wani abu. Tambaya ta gaba ita ce ba ta da wannan uzurin.

Da gaske ne ana son yin talla a sararin samaniya?

Da gaske ne, kuma ba yau aka fara ba. A 1993 wani kamfanin Amurka, Space Marketing, ya fito da shirin harba allon talla mai faɗin kusan murabba'in kilomita guda, wanda za a gan shi daga ƙasa kamar wata. Jama'a suka yi ca, kuɗi bai samu ba, shirin ya mutu. A shekarar dai Rasha ta buɗe madubi mai faɗin mita 20 a sama, Znamya 2, ta hasko Turai da shi na ɗan lokaci. A 2018 kamfanin Rocket Lab ya harba wata ƙwallo mai walƙiya, Humanity Star, ba don komai ba sai don a kalla, ta faɗo bayan wata biyu. A 2019 StartRocket na Rasha ya ce zai jera ƙananan taurarin ɗan'adam su rubuta sunan kaya a sama, har aka ambaci PepsiCo, daga baya PepsiCo ta ce ba ta da niyyar ci gaba. A 2022 masana a cibiyar Skoltech ta Mosko suka yi lissafi cewa da guda 50 da dalar Amurka miliyan 65 za a iya yi, kuma a ci riba.

Har yau ba wanda ya rataya allon. Amma kuɗin harba roka yana ta sauka, abin da ya gagara a 1993 ba lalle ya gagara gobe ba. Ka tuna bambancinsa da sauran talla. Na rediyo kana iya murɗa tasha, na bakin titi kana iya kau da kai, magajin gari ma yana iya sa a cire shi. Wannan kuwa zai bi ta kan Landan da Dubai inda masu saye suke, ya kuma bi ta kan makiyayin da ke Azawak wanda bai taɓa ganin kwalbar abin ba. Ba wanda ya tambaye shi, ba wanda zai biya shi, ba inda zai kai ƙara. Ka yi tunanin an idar da sallar magariba a filin masallaci, an ɗaga kai, ga sunan lemo.

Babu dokar da ta hana?

Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta ce ba ƙasar da za ta mallaki sama, amma ba ta ce komai a kan talla ba. Amurka ta yi doka a 2000 da ta hana ba da izinin harba tallan da ido zai gani daga ƙasa ba tare da na'ura ba, sai dai dokar ba ta hau kan rokar da ta tashi daga wata ƙasa ba. Inda ake tattauna irin wannan shi ne kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan amfani da sararin samaniya cikin lumana, mai zama a Viyana. Ƙungiyar masana taurari ta duniya ta buɗe cibiya ta musamman a 2022 don kare duhun sama daga taurarin ɗan'adam.

A ƙasa kuwa dokoki sun daɗe. Garin Flagstaff na Amurka ya fara tun 1958. Faransa ta yi tata a Disambar 2018: a kashe fitilun gilasan shaguna da ƙarfe ɗayan dare, na ofis sa'a guda bayan tashin ma'aikaci na ƙarshe, sabbin fitilun titi kada su wuce 3000K. A Afirka, gandun NamibRand na Namibiya ya sami shaidar wurin da ake kare duhunsa a 2012, yau baƙi suna biyan kuɗi su je su kwanta su kalli sama. Tsaunukan Ayar ba su gaza shi ba, in da zaman lafiya ya samu.

Ni a gidana me zan yi?

Ka fita waje da dare ka dubi fitilar ƙofarka daga nesa. In kana ganin ƙwayar ampul ɗin kanta, tana zubar da haske. Ka kifa kanta ƙasa, ko ka yi mata hula. Ni da gwangwanin tumatir na yi tawa: na yanke gindin, na shafa farin fenti a ciki, na kifa a kan ampul. Yawancin fitilun sola suna zuwa da ƴar na'urar latsawa wadda ake jefarwa cikin kwali, alhali da ita ake sa fitilar ta dusashe sai mutum ya gifta ta haska. Batirin ma ya fi daɗewa, ya kai ka asuba.

Na maƙwabci shi ya fi wuya. Namu dattijo ne, na yi mako ina juya maganar kafin na same shi bayan la'asar na ce, "Baba Alhaji, fitilar nan taku tana shigowa har inda yara ke kwana, ko za ku yarda in hau in ɗan sunkuyar da ita?" Ya ce shi bai ma san tana kaiwa can ba, yaron da ya ɗaura ta ne ya bar ta haka. Minti biyar da tsani aka gama.

Yaushe, kuma a ina, zan ga sama yadda take?

Ka zaɓi daren da babu wata, wato ƙarshen watan Musulunci ko farkonsa. Ba sai ka yi nisa ba, kuma da halin tsaron da ake ciki ba na ba kowa shawarar shiga daji da dare. Gefen gari ya isa, ko gidan ƴan'uwa a Kalfu ko Bambay, ka juya wa garin baya. Ka sa waya a aljihu, ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya buɗe sosai, kallon waya sau ɗaya yana mayar da kai farko.

Daga Yuli zuwa Satumba, daren da ruwa ya wanke ƙura, kogin taurari ya fi kauri ta wajen kudu. A Afrilu da Mayu, can ƙasa-ƙasa a kudu, akwai taurari huɗu masu siffar gicciye waɗanda mutanen Faransa ba sa gani daga ƙasarsu. Tauraron arewa yana nan kullum, tsayinsa daga ƙasa kamar daraja 15, daidai da matsayin Tahoua a taswira. A daren 13 zuwa 14 ga Disamba kuma taurari masu wutsiyar wuta suna zuba da yawa, in hazo ya yi sauƙi. A tafi da bargo, sanyin Adar na wannan lokacin ba ya wasa, a kuma duba ƙarƙashin tabarma saboda kunama.